Malamin Da Bai Taka Ƙasarmu Ba, Amma Littattafansa Suka Riga Mu Tafiya

Gaisuwa ga mutanen cikin garin Gadarif, da waɗanda ke gonakin riɗi da dawa, da 'yan kasuwar amfanin gona, da mutanen Doka da Hawata da Shuwak, da na bakin kogin Rahad, har zuwa Gallabat a kan iyakar Habasha.

Sharhinmu na yau a kan mutum ɗaya ne, wanda kusan kowane ɗayanmu ya taɓa jin maganarsa da kunnensa, ko da bai san sunansa ba. Ku tuna da yammacin watan azumi. Mai jan baƙi ya ja aya, malam ya sunkuya a kan littafi mai jar takarda, ya karanta ɗan gajeren bayani da Larabci, sannan ya fassara mana da Hausa. A mafi yawan majalisunmu, daga nan har Kano da Katsina da Maraɗi, littafin nan Jalalaini ne. Ma'anar sunan kuwa Jalalu biyu. Na farko shi ne Jalaluddin Mahalli, wanda ya rasu a 1459 bai kammala aikin ba. Na biyun, wanda ya ƙarasa shi, shi ne Jalaluddin Abdurrahman Suyuɗi. Mun san shi a matsayin mai tafsiri da hadisi. Yau ina so mu dube shi a matsayin marubucin tarihi, domin tarihinmu da nasa sun sarƙe fiye da yadda muke zato.

An haifi Suyuɗi a birnin Alƙahira a shekarar 849 ta Hijira, wato 1445, a zamanin sarakunan Mamluk. Asalin gidansu daga garin Asyuɗ ne na kudancin Masar, daga nan sunan ya fito. Mahaifinsa malamin fiƙihu ne, ya kuma rasu ya bar shi yana ɗan shekara biyar zuwa shida. Abokan mahaifin ne suka riƙe marayan. Kafin ya cika shekara 8 ya haddace Alƙur'ani. A watan Ramadan na 870 ya ɗauki tafsirin da Mahalli ya bari. Mahalli ya yi daga Suratul Kahfi zuwa ƙarshen Alƙur'ani, ya haɗa da Fatiha. Suyuɗi ya yi daga Baƙara zuwa Isra'i cikin kwana 40, shekarunsa ba su wuce 22 ba. Ke nan rabin tafsirin da dattawanmu masu furfura suke karantarwa, saurayi ne ya rubuta shi.

Daga nan alƙalaminsa bai huta ba har ya rasu a 1505 a tsibirin Rauda da ke tsakiyar kogin Nilu. Masu ƙirga littattafansa sun kai su sama da 500, wasu manyan mujalladai, wasu 'yan warƙoƙi. Akwai Itƙan a kan ilimin Alƙur'ani, akwai Jami'us Sagir na hadisi, akwai Muzhir a kan harshen Larabci. Shi Bashafi'e ne, amma ya yi wa Muwaɗɗar Imam Malik sharhi mai suna Tanwirul Hawalik, abin da ya ƙara kusanto shi da mu mabiya mazhabar Malikiyya.

A fagen tarihi, littafinsa da ya fi yawo shi ne Tarikhul Khulafa, wanda ya jero halifofi tun daga Sayyidina Abubakar har zuwa halifofin Abbasiyawa da ke zaune a Alƙahira a zamaninsa. A ƙarƙashin kowane halifa yakan kawo abubuwan da suka faru a zamaninsa, sannan ya lissafa manyan malaman da suka rasu a lokacin. Akwai Husnul Muhadara, tarihin Masar da Alƙahira, inda ya tattara sunayen sahabban da suka shiga ƙasar, da alƙalanta, da malamanta, da masallatanta da makarantunta, har da labarin ambaliyar Nilu. Ya rubuta tarihin malaman nahawu, da na mahaddatan hadisi, da na masu tafsiri. Har girgizar ƙasa sai da ya yi mata littafi, ya jero lokutan da ta auku shekara bi shekara, kuma masu binciken girgizar ƙasa na zamaninmu suna komawa gare shi. Wani Bature mai suna Jarrett ya fassara Tarikhul Khulafa zuwa Turanci, aka buga a Kalkata ta Indiya a 1881.

Ba kowa ne ya yaba masa ba a zamaninsa. Babban abokin hamayyarsa, Sakhawi, shi ma masanin tarihi ne kuma almajirin Ibn Hajar, ya zarge shi da kwashe littattafan magabata daga ɗakin karatu na Mahmudiyya, ya ɗan sauya su, ya sa sunansa. Suyuɗi ya mayar da martani mai zafi a rubuce. Ya kuma ƙara jawo wa kansa gaba da ya ce ya kai matsayin ijtihadi, yana kuma fatan shi ne mujaddadin ƙarni na tara. A ƙarshen rayuwarsa ya yi rigima da mazauna zawiyar Baibarsiyya da yake shugabanta, ya bar muƙamin, ya koma gidansa ya rufe ƙofa.

Mu da muka zo bayan shekara 500 muna iya yin adalci a wannan shari'a. Gaskiya ne Suyuɗi mai tattarawa ne, yawancin abin da ke cikin littattafansa na tarihi daga magabata ya ɗebo. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ta cece shi: yakan faɗi inda ya ɗebo. Wane ya ce a littafi kaza, wane ya ruwaito daga wane. Da yawa daga littattafan da ya ɗebo daga cikinsu sun ɓace, wuta ko gara ko yaƙi sun cinye su. Abin da ya rage daga gare su shi ne guntayen da ya kwafa ya kuma ambaci masu su. Abin da aka zarge shi da shi a jiya, shi ya zama rumbun da ake ɗiba a yau. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

To, ina ruwan Bahaushen Gadarif da malamin Alƙahira na ƙarni na 15?

A wancan zamani, alhazan yammacin Afirka ta hamada suke bi su faɗa Masar, su huta a Alƙahira, sannan su bi ayarin Masar zuwa Makka. Larabawa suna kiran ƙasashenmu baki ɗaya Takrur, kalmar da ta haifi Takari da Takarir da ake kiranmu da su a nan Sudan da Hijaz. Suyuɗi ya rubuta tarihin rayuwarsa da hannunsa a littafin Tahaddus bi Ni'imatillah, kuma a ciki ya ba da labarin ayarin Takrur da ya iso a shekarar 889, wato 1484, da sarki da alƙali da ɗalibai. Sun zo wurinsa, sun yi karatu, sun tafi da littattafansa masu yawa. Shi ne kuma ya yi wa sarkin hanya zuwa wurin halifan Abbasiyawa. Masu bincike da dama suna ganin sarkin nan Mai Ali Gaji ne na Borno.

Shekara ɗaya bayan haka, a 890, wani malamin Timbuktu mai suna Alhaji Ahmad ɗan Umar Aƙit ya yi hajji ya sadu da Suyuɗi. Da ya dawo ya tarar ƙasarsa a rikice saboda Sunni Ali, sarkin Songhai, sai ya shiga Kano ya karantar. Jikansa, shahararren Ahmad Baba, shi ya rubuta mana wannan. Lokacin kuwa Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano. Haka Malam Aƙibu na Anusamman, a yankin Agadas, ya yi karatu wurin Suyuɗi ya kuma yi wurin Magili. Shi kansa Magili, wanda ya zauna a Kano ya rubuta wa Rumfa nasiha kan mulki, sun yi musayar baitoci da Suyuɗi a kan ilimin manɗiƙi: Magili yana kare shi, Suyuɗi yana hana shi. Askiya Muhammadu na Songhai ma, a hajjinsa da ya fara a 1496, ya zauna da Suyuɗi a Alƙahira ya nemi shawararsa, kamar yadda littattafan tarihin Timbuktu suka kawo.

A 898, wato 1493, wata doguwar takarda ta iso masa daga wani malami mai suna Muhammad Lamtuni. Cike take da tambayoyi kan halin da mutanen ƙasarsa suke ciki: sarakunan da ke karɓar haraji ba bisa ƙa'ida ba, da sayar da 'ya'ya masu 'yanci, da layu da tsafi, da sha'anin gado da mata. Suyuɗi ya amsa, kuma bai jefar da takardar ba. Ya saka tambayoyin da amsoshinsu a cikin kundin fatawoyinsa, Alhawi lil Fatawi. Saboda wannan adanawa, yau masu tarihi suna da hoton rayuwar mutanen bakin hamada na ƙarshen ƙarni na 15 daga bakin ɗan ƙasa. Masanin nan John Hunwick ya yi nazarin takardar ya buga a 1970.

Sai wasiƙar da ta fi shafar mu. Suyuɗi ya rubuta wa sarakunan Takrur, ya ambaci Sarkin Agadas Muhammadu ɗan Sattafan da Sarkin Katsina Ibrahim da sunayensu. Ya yi musu wasiyya da tsoron Allah da adalci ga talakawa, ya gargaɗe su kada mulki ya ruɗe su, ya kuma yi tir da wata al'ada da aka ba shi labari, ta yanka bawa don neman wa mara lafiya sauƙi. Wasiƙar nan ta zauna a hannun malamanmu fiye da shekara 300, ana kwafa ana miƙa wa na baya, har Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya saka ta a littafinsa Tanbihul Ikhwan a 1811. Ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu ya lissafa littattafan Suyuɗi cikin waɗanda ya karanta wurin malamansa, ya mayar da wasunsu waƙe don almajirai su samu sauƙin hadda, kuma Jalalaini na cikin tushen da ya dogara da su a tafsirinsa Liya'ut Ta'awili.

Saboda yawan ambatonsa, labari ya bazu a Katsina da Agadas cewa Suyuɗi ya zo da ƙafarsa ya zauna ya karantar. Wata masaniya 'yar Ingila, Elizabeth Sartain, ta bi diddigin maganar. Ta rubuta maƙala a 1971 kan alaƙarsa da mutanen Takrur, sannan a 1975 jami'ar Kambirij ta buga aikinta a mujalladi biyu, ɗaya tarihin rayuwarsa, ɗaya kuma nassin littafin da ya rubuta game da kansa. Abin da ta gano shi ne, tafiye-tafiyensa ba su wuce hajji da wasu garuruwan Masar ba. Wurin da ake karantawa kamar yana cewa ya je Sham da Yaman da Indiya da Magrib da Takrur, littattafansa yake nufi. Su ne suka yi tafiyar.

Ni dai wannan bai rage masa daraja a idona ba. Mutum yana zaune a ɗakinsa a bakin Nilu, amma takardunsa suna kan raƙuma, suna ratsa hamada, suna kwana a zaurukan Kano, har jama'a suka rantse sun gan shi. Wane tasiri ya wuce wannan?

Akwai wani aikin nasa da ya kamata mu mutanen kan iyakar Habasha mu sani. Ya rubuta littafi kan darajar Habashawa, Raf'u Sha'anil Hubshan, ya kuma taƙaita shi a wani mai suna Azharul Urush. A ciki ya tattara tarihin baƙaƙen fata na farkon Musulunci, irin su Bilal da Najjashi. Bayan fiye da shekara 100, a 1615, da 'yan kasuwar Tuwat suka tambayi Ahmad Baba hukuncin bayin da ake kawowa daga ƙasashen baƙar fata, ya jawo Suyuɗi da Ibn Khaldun ya rushe tatsuniyar da ke cewa baƙar fata la'ana ce da ta bi zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu. Ya kuma ambaci Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Littafin tarihi ne ya zama garkuwar kakanninmu a gaban alƙali.

Yanzu mu juyo gabas, mu zo kan hanyar da ta kawo mu nan.

Da ƙarni na tara na Hijira ya doshi ƙarewa, tsoro ya kama mutanen Masar cewa duniya za ta tashi a shekara ta 1000. Suyuɗi ya rubuta ɗan littafi mai suna Alkashf don ya kwantar musu da hankali. Ya auna ruwayoyi, ya ce al'ummar nan za ta wuce shekara 1000, amma ƙarin ba zai kai 500 ba. Ya kuma tattara ruwayoyin bayyanar Mahdi a wani littafin, Al'arful Wardi. Waɗannan biyun sun bi sauran littattafansa zuwa ƙasar Hausa. Daga cikinsu malamai suka fahimci cewa Mahdi zai bayyana wajen shekarar 1200 ko 1204, kuma shekarun nan sun faɗo daidai lokacin da Shehu yake yawon wa'azi a Gobir da Zamfara. Jama'a suka fara cewa ai shi ne. Shehu ya rubuta ya musanta, ya kuma ja kunnen mutane kan sanya wa abin lokaci. Duk da haka zancen bai mutu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta wa Modibbo Adama ya tura mutane wajen Wadai da Darfur su saurari labari, domin an yi imani daga gabas, wajen kogin Nilu, al'amarin zai ɓullo.

Saboda haka, da Muhammad Ahmad ya yi da'awar Mahdiyya a tsibirin Aba a 1881, ƙarni na 13 yana gab da cika, kunnuwan mutanen yamma a buɗe suke. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Muhammadu Bello, ya yi masa mubaya'a daga Adamawa. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗaga tutar hijira zuwa gabas, dubban mutane suka bi shi. Ya yi shahada a Burmi a watan Yulin shekarar, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake a yau kusa da Sinnar.

Kada wani ya ce na ce littafin Suyuɗi ne ya kawo kowane Bahaushe Sudan. Mafi yawan kakanninmu niyyar hajji ce ta fito da su. Suna tafe suna noma, su yi damina a nan su tara guzuri, su ƙara gaba. Tun kafin Mahdiyya, Takarir sun kafu a Gallabat da shehunansu da kasuwarsu, kuma Baturen nan Samuel Baker ya same su a can a 1862. Daga baya aikin audugar Jazira da ya fara a 1925, da noman inji da aka soma a yankin Gadarif a shekarun 1940, suka riƙe da yawa. Amma a cikin gafakar malamin da ke jagorantar ayari akwai Alƙur'ani, akwai Jalalaini, a zuciyarsa kuma akwai zancen gabas. Littattafan da suka tafi yamma a kan raƙuma sun dawo gabas a kan jakuna da kawunan almajirai.

A nan akwai darasi mai ɗaci. Lissafin Suyuɗi ijtihadi ne na ɗan Adam, malamai da dama sun yi masa raddi, kuma sanin ranar tashin duniya na Allah ne shi kaɗai. Kuskuren babban malami yana tafiya da nisa daidai da yadda daidansa yake tafiya. Shi ya sa girmama malami bai hana a bincika maganarsa, kamar yadda Shehu ya yi.

Wa ya tono mana duk wannan sarƙa? Abin alfahari, 'yan Sudan suna sahun gaba. Dakta Muhammad Alhaji, ɗan ƙasar nan da ya karantar a kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, ya rubuta maƙala a 1967 kan ƙarni na 13 da jiran Mahdi a daular Sakkwato, ya kuma kammala digirinsa na uku kan Mahdiyya a arewacin Najeriya a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1973. Dakta Umar Naƙar ya rubuta tarihin hajjin mutanen yammacin Afirka, jami'ar Khartum ta buga a 1972. Farfesa Al'amin Abu Manga ya yi nazarin yadda Hausarmu ta Sudan take cuɗanya da Larabci, aka buga a Jamus a 1999. Mark Duffield ya rubuta kan Mai Wurno a 1981, Bawa Yamba kuma kan alhazan da suka zama mazauna a 1995. Allah ya saka musu. Sai dai kusan duka da Turanci suke, wasu kuma an buga su a Turai. Manomin da ke Hawata, wanda labarin kakansa ne a ciki, bai taɓa ganin bangonsu ba.

Ga abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, jama'a. Shekara 500 muna ɗauke da littattafan mutumin nan, mun haddace tafsirinsa, mun yi waƙe da nahawunsa, amma ba mu ɗauki ɗabi'arsa ta rubuta sunaye da shekaru ba. Kakana, Allah ya jiƙansa, ya san kowane zango daga garinsu har bakin Rahad. Ya san inda aka binne wane, ya san rijiyar da aka yi faɗa a kanta, ya san malamin da ya ja su salla a kowane mashigi. Na zauna kusa da shi shekaru ina jin daɗin hirar, ban rubuta ko layi ɗaya ba. Yau da ɗana ya tambaye ni a wace shekara suka iso, sai na ce masa an daɗe. An daɗe ba amsa ba ce.

Kuma mun ga ranar da rashin amsa yake tsada. A 2022, lokacin rikicin jihar Shuɗin Nilu da ya ci rayuka masu yawa, tambayar da ta dawo bakin mutane ita ce tsohuwar tambayar nan: su wane ne ku, yaushe kuka zo? Wanda tarihinsa yake rubuce, da suna da shekara da shaida, yana amsa wannan cikin natsuwa, ba tare da ɗaga murya ba. Tarihin gaskiya kuma ba makamin faɗa da maƙwabci ba ne, domin duk wanda ya rubuta shi tsakani da Allah dole ya rubuta waɗanda suka tarbe mu, suka ba mu wurin noma, muka yi auratayya da su.

Sai ga yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023. An ƙone ɗakin karatu na cibiyar Muhammad Umar Bashir a jami'ar Ahliyya ta Umdurman. An wawashe gidan tarihi na ƙasa a Khartum. Mun ga 'yan'uwa sun shigo Gadarif daga Madani da Sinja da ƙullin kaya a ka, kuma babu mai ɗaukar akwatin takardu yana gudun ransa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku tuna abin da na ce ku riƙe: littattafan da suka tsira a duniya su ne waɗanda wani ya kwafa ya ajiye a wani wuri dabam.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinmu ba. Ɗalibanmu na jami'ar Gadarif da na sakandare, kowa yana da waya a aljihu. Je ka wurin tsohon unguwarku ko tsohuwar gidanku, ka durƙusa ka gaishe su, ka ce Baba, ko Inna, ina so ki ba ni labarin zuwanmu. Ka naɗi muryar. Ka rubuta ranar da ka naɗa, da sunan mai maganar, da wanda shi ya ji daga gare shi. Idan ya ce shekarar fari ce ko shekarar da jirgin ƙasa ya iso, rubuta haka, masu bincike za su gano lissafin. Kada ka gyara masa magana don ta yi daɗi, in kuma tsofaffi biyu sun saɓa, rubuta duka biyun. Kada a manta da mata, domin su ne suka riƙe sunayen dangi da na garuruwan da aka baro.

Iyayenmu malaman khalwa, Allah ya gafarta malam, gafakar nan da ke rataye tun zamanin mahaifinku a sauko da ita. A kaɗe ƙura, a ɗauki hoton kowace warƙa, har da bayan littafi inda magabata suke rubuta ranar haihuwa da rasuwa da sunan wanda ya kwafa. A tura hotunan wurin ɗa ko almajiri a gari biyu ko uku. Kowane masallaci kuma ya samu littafi guda ya rubuta limamansa tun na farko. Muna da abin koyi a ƙasar nan: Wad Daifallah ya tattara tarihin malamai da waliyyan zamanin Funj a littafinsa Ɗabaƙat, Farfesa Yusuf Fadl Hasan ya tace shi ya buga a 1971, kuma har gobe da shi ake sanin malaman wancan zamani. Malaman Hausawan gabashin Sudan ma sun cancanci nasu, da Hausa da Larabci, yadda mai shi zai karanta.

Hausawa suka ce waiwaye adon tafiya. Mu kuwa mutanen tafiya ne, daga Katsina da Kano da Sakkwato har gindin duwatsun Habasha. Wani malami a bakin hamada ya rubuta tambayoyinsa a 1493, wani a Alƙahira ya adana su, shi ya sa yau muke jin muryarsa. Idan azumi ya zo, malam ya buɗe Jalalaini, ku tuna saurayin da ya zauna kwana 40 ya ƙarasa aikin da dattijo ya bari. Dattawanmu ma sun bar mana rabin aiki: sun yi tafiyar, sun riƙe labarin a ka. Rubutawar ce ta rage, kuma waɗanda za a tambaya suna raguwa kowace damina.

Allah ya jiƙan Imam Suyuɗi, ya jiƙan kakanninmu da suka kwanta a kan hanya da waɗanda suka iso. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa.